Ɗan Boko da Kujeru Uku

Mu takwas ne muka haɗa ƙungiyar manoman rani a bakin dam ɗin Wasai, don an ce taki da rance ba sa zuwa sai ga ƙungiya mai shugaba da sakatare da ma'aji. Ni kujerar ma'aji nake hari. Mai riƙe da jaka, ko a kasuwar Kunya aka gan shi, har ƙasa ake gaishe shi.

Muna zaune a gindin darbejiya gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai na tsinci tsinke na hau zane a ƙasa. Na ce kujerar farko mutum 8 ne za su iya hawa, ta biyu 7, ta uku 6, in aka ninka hanyoyi 336 ke nan. Wani dattijo ya leƙo ya ce, "Yaro, mu da ba mu kai goma ba, ina ka samo wannan jama'a?"

Neman suna ya sa ni da bakina na ce dole sakatare ya iya rubutun boko. Mu biyu ne kacal, ni da wani matashi. Da kujerar da aka gindaya wa sharaɗi ake farawa: 2 sau 7 sau 6, saura 84. Dattawa suka ce shugabanci sai mai furfura, su uku ne, lissafi ya faɗo 36. Sai aka ce, wa da ƙanen da ke cikinmu ba za su haɗa shugabanci da jaka ba, saboda wani kuɗin injin ban-ruwa da har yau ba a tada zancensa. Nan sai ka ƙirga haramtattun ka cire. Biyu ne, saura 34.

Na duba a ɓoye, a uku daga ciki ni ne ma'aji. Da sauran rai.

Kwatsam matashin nan ya ce ya samu jiran shago a Kantin Kwari, jibi zai wuce Kano. Na share da tafin hannu, na sake bugawa, na kuma sakewa. Hanyoyi 14 suka rage, kuma a kowacce ni ne sakatare.

"To Malam, Allah ya taya riƙo," in ji dattijon. Aka shafa fatiha.

Yanzu ni ne cike fom, ni ne sintiri sakatariyar Minjibir da kuɗin aljihuna. In na nemi a biya ni, ma'aji ya ce sai da rasit. In na kawo, ni zan karanta masa, ya gyaɗa kai ya ce zai nemi wani ya duba.