Ka Saya a Hanoi, Ka Sallama a Saigon

Na san halinku. Tun ban kai ƙarshen kanun ba wani Alhaji ya gyara zaman tabarau ya ce, "To, yau kuma da wace aka zo?" Da wannan aka zo, ranka ya daɗe: akwai ƙasar da baƙo ɗan yawon buɗe ido ke sauka daga jirgi, ya ajiye jaka a masauki, kafin kwana uku ya sayi babur, ya ɗaure kayansa a baya da roba, ya ratsa ƙasar tun daga arewa har kudu, ya sayar wa wani baƙon, ya hau jirgi ya koma gida. Sunan ƙasar Biyetnam. Daga Hanoi zuwa birnin Ho Chi Minh, wanda har gobe mutane ke kira Saigon, kusan kilomita 1,700 ne in ka bi babbar hanya mai lamba ɗaya ta gefen teku. In ka bi ta duwatsu ya haura 2,000. Kano zuwa Legas bai wuce dubu da 'yan kai ba, don haka ka ƙiyasta da kanka.

"Aikin banza," in ji ka. "Ba jirgin ƙasa? Ba bas?" Akwai, Alhaji. Jirgin ƙasan ma ya fi kwana guda yana tafiya, ka kwanta ka yi ta barci. Amma ka tuna inda muke magana. Ƙasa ce mai mutum kamar miliyan 100, da baburan da aka yi wa rajista sama da miliyan 70. A can babur shi ne ƙafa. Da shi ake kai yara makaranta, da shi ake kai firji gida. Kowane ƙauye akwai bakanike, kowace kwana akwai mai faci. Wanda ya zo ganin irin wannan ƙasa ta tagar bas ya ga gefen titi kawai.

Baƙin ma ba su ƙirƙiro abin daga sama ba. A ƙarshen 2008 shirin motoci na BBC mai suna Top Gear ya tura mutum uku ƙasar, Jeremy Clarkson da Richard Hammond da James May, aka danƙa wa kowanne dong miliyan 15, wato kuɗin ƙasar. Suka yi ta murna sun zama attajirai, sai suka tarar kuɗin bai wuce dala dubu da ɗoriya ba, ko tayar mota sai an yi da gaske. Suka sayi babura suka nufi arewa. Tun daga nan samarin Turai da Ostireliya suka ɗauki hanyar kamar gado.

Yanzu ga ɗan'uwa mai shago a kasuwa ya ɗaga hannu, shi tambayarsa ɗaya ce kullum: nawa? Tsohon babur na hannu irin wanda baƙi ke yi wa rububi yakan kama daga dala 200 zuwa 400. Na ga ka fara lissafi a waya. Dakata, kada ka yi saurin cewa albarka. Hikimar tana wajen sayarwa. In ka saya 300 ka sayar 250 bayan wata guda, ka yi wata kana yawo a kan dala 50 ban da mai da gyara. Kai da ke sayen buhun masara a kaka ka ɓoye sai bazara, ai bai kamata a tsaya yi maka bayanin wannan ba.

Sai dai a nan ne nake komawa ɓangarenku, masu shakka, don akwai inda kuke da gaskiya ba ku ma sani ba. Babur ɗin da baƙi suka fi so shi ne wanda ake kira Honda Win: dogo, siriri, mai kuloci, mai kyau a hoto. Kusan dukkansu ba Honda ne ya ƙera su ba. Kwaikwayo ne, injin ɗan China, an manna suna a tanki. Wasu sun yi safarar Hanoi da Saigon sau ba adadi, kowane mai shi ya yi masa gyaran "dai ya kai ni", ya wanke ya miƙa wa na gaba. Mutanen birane a ƙasar ba su cika hawansa ba. Su Honda Wave suke hawa, ƙaramin nan marar kuloci mai cc 110, irin wanda muke kira roba-roba. Baƙo kuwa sai ya ga roba-roba ya yi masa ƙanƙanta, bai dace da jarumi ba. Jarumin ne za ka tarar a rana ta uku yana tura Win a kan tudu, wata tsohuwa ta wuce shi a kan Wave da kwandon agwagi.

To mu zo kan takarda, inda dariya ke raguwa. Kowane babur na da katin rajista, baƙi suna kiransa shuɗin kati. A jikinsa akwai lambar babur, lambar inji, lambar shasi, da sunan mai shi. Sunan nan ba naka ba ne, kuma ba zai zama naka ba, domin mai bizar yawon buɗe ido ba shi da takardar zama da zai yi rajista da ita. Sunan wani ɗan ƙasa ne da ya rabu da babur ɗin tun shekarun baya, ƙila ma ya manta launinsa. Abin da aka saba shi ne kati na hannunka, babur na hannunka, shi ke nan. Tun watan Agustan 2023 ma doka ta ƙara ɗaure lambar abin hawa da mutumin da ya yi rajistarta, aka ƙara matsa wa masu saye su sauya suna. Ke nan baƙo yana tafiya ne a kan al'ada da kawar da kai, ba a kan cikakkiyar mallaka ba. Mafi ƙarancin abin da zai yi wa kansa shi ne ya durƙusa ya goge maiƙo, ya karanta lambar inji da ta shasi, ya gwada da na kati harafi bayan harafi. Babu kati, babu ciniki, ko da kyauta aka ba ka.

Malam na can baya yana murmushi, wai shi yana da lasisin ƙasa da ƙasa. Wane iri, Malam? Iri biyu ne ke yawo a duniya: na yarjejeniyar Geneva ta 1949 da na yarjejeniyar Vienna ta 1968. Biyetnam na biyun ta sani. Shi ya sa Ba'amurke da ɗan Kanada da ɗan Ostireliya, duk da ƙaton fasfonsu, lasisinsu can takarda ce kawai, don ƙasashensu na farkon suke bayarwa. Kuma ko naka na 1968 ne, sai in an buga maka izinin babur a ciki. Na mota ba ya ɗaukar maka. Abin da bai kai cc 50 ba ne kaɗai ake hawa ba lasisi, wannan kuwa ba zai hau da kai dutse da jaka ba. Tarar ɗan sanda ƙaramar magana ce. Babbar ita ce inshora: ka faɗi ba ka da lasisi mai aiki, kamfanin ya karanta takardunka ya yi maka fatan samun sauƙi, kuɗin asibiti kuma daga aljihunka.

Hajiya, na ji ki. "Da ransa da lafiyarsa mutum ya je ya kai kansa." Ba zan yi miki musu sosai ba. Babbar hanya mai lamba ɗaya cike take da tireloli da manyan bas-bas na dare, kuma dokar da ba a rubuta ba ita ce babba ya fi ƙarami gaskiya. In ya danna oda, sanarwa yake yi, ba shawara yake nema ba. Masu hankali sukan bar ta su bi hanyar Ho Chi Minh ta cikin duwatsu, inda tsakanin Phong Nha da Khe Sanh za ka yi sama da kilomita 200 cikin daji, gidan mai sai an dace, dole ka ɗaure jarka. Hular kwano wajibi ce tun Disamban 2007, kuma can da gaske ake yi, ba a rataye ta a hannu. Tsakiyar ƙasar, wajen Hue da Da Nang, ruwa da guguwa ne daga Satumba zuwa ƙarshen shekara. Duwatsun arewa kuwa a Janairu sanyinsu ya sa mutumin Jos ya yi shiru.

Amma Hajiya, tsakanin Hue da Da Nang ɗin nan akwai mashigin dutse mai suna Hai Van, kilomita 21 na hawa da kwana, teku shimfiɗe a ƙasa, gajimare na shafar kafaɗa. Tun da aka buɗe hanyar ƙarƙashin dutse a 2005 yawancin motoci suka koma can, aka bar wa masu babur saman. Don irin wannan ake shan wahalar.

Liman bai yi magana ba, amma na san abin da ke ransa. Naman alade na cikin abinci da yawa, har a romo, don haka sai an yi tambaya, ko a koma ga kifi da ƙwai da gidajen abincin masu cin ganye, waɗanda suke da yawa saboda mabiya Buddha. Masallaci akwai Al-Noor a tsohuwar unguwar Hanoi, akwai babban masallacin Saigon da 'yan kasuwar Indiya suka gina a 1935. Tsakaninsu kuwa sai ka riƙe dardumarka, ga ƙasaru ta halatta.

Saura mai shagon nan, har yanzu yana lissafi. Ga abin da ban gaya maka ba ɗazu. Bizar intanet tana kaiwa kwana 90, amma tikitin komawa rana ɗaya gare shi. Ka iso Saigon saura kwana biyu jirginka ya tashi, ka manna talla a masaukin baƙi, ka saka hoto a Facebook, ka tarar da wasu goma sun riga ka, kowa da Win ɗinsa da labarin "bai taɓa ba ni matsala ba". Dillalan unguwar Pham Ngu Lao sun san wannan sarai. Tambayarsu ta farko ba ta shafi inji ba: yaushe za ka tafi? Ka ce gobe, tayi ya faɗo rabi. Shi ya sa yanzu da yawa suka koma haya, ka karɓa a Hanoi ka ajiye a reshen kamfanin a Saigon, da babur na gaske da kati mai tsabta. Ya fi tsada a baki, sau da yawa ya fi sauƙi a jimla. In kuwa ka nace sai ka saya, to ka ware kwana biyar na sayarwa, kuma in dillali ya tambayi ranar tafiyarka, ka tambaye shi lafiyar iyali.