Masu Cin Kofi da Baki

Jami'o'i sama da 130 ne ke buga ƙwallon Amurka a babban mataki, ƙwallon nan mai tsini biyu da ake runguma a ruga da ita. Kowace ƙungiya wasa 12 ko 13 take yi kafin a fara zancen kofi, don haka yawancinsu ba sa haɗuwa ko sau ɗaya. Abin da fili bai raba ba, sai baki ya raba, tun daga Agusta har Janairu.

Cikin magoya baya akwai dattijon Nebraska. Ka tambaye shi wasan jiya, sai ya gyara zama ya kai ka 1995. Kofi biyar gare su, gaskiya ne, amma na ƙarshe tun 1997, kafin a haifi yaran da ke buga masa wasa yau. Ɗan Notre Dame ya fi shi nisa, shi tun 1988 yake jira, kuma har yanzu da yanga yake shiga taro.

Sai ɗan rukunin SEC na kudu. Wannan ko ƙungiyarsa ta sha kashi sau biyar, kansa a sama yake, wai shan kashi a wurinsu ya fi nasara a wani wuri. Ranar da Georgia ta lallasa TCU 65 da 7 a wasan ƙarshe, a Janairun 2023, ya yi murna har muryarsa ta dushe, alhali a Kentucky ya yi karatu. Da kofin maƙwabci yake ado.

Mai lissafi kuwa abin tsoro ne. Wance ta ci wance, ita kuma ta ci wance, saboda haka ƙungiyarsa ta fi Alabama. Ba shi minti goma da takarda, zai naɗa wata ƙaramar kwaleji sarautar ƙasa baki ɗaya. Hujjarsa kullum ita ce ranar da Appalachian State ta je har gida ta ci Michigan 34 da 32 a 2007.

Ɗan Texas duk Agusta sai ya ce sun dawo. Tun kofin 2005 suke dawowa.

Wanda nake tausaya wa shi ne ɗan Florida State. A 2023 sun ci wasa 13 ba a ci su ba, kwamitin mutum 13 da ke zaɓen masu shiga gasar kofi ya zauna ya ce tunda babban ɗan wasansu Jordan Travis ya karye, su koma gefe, aka sa Alabama da aka riga aka ci sau ɗaya. An ƙara guraben gasar daga 4 zuwa 12 a 2024, amma shi ko a wurin ɗaurin aure ka same shi sai ya tayar da maganar. 'Yan UCF ba su tsaya kuka ba: da aka ƙi su a 2017, suka buga riguna, suka yi jerin gwano, suka ce su ne zakaru.

Akwai kuma wanda musu bai ishe shi ba. Bayan Auburn ta ci Alabama 28 da 27 a 2010, wani magoyin bayan Alabama ya je ya zuba guba a gindin tsofaffin itatuwan da 'yan Auburn ke taruwa su yi murna a ƙarƙashinsu. Da ya yi shiru, wataƙila da ya sha. Sai ya ɗauki waya ya kira shirin rediyon Paul Finebaum ya faɗa da bakinsa, kowa na ji. Itatuwan suka mutu, shi kuma ya kwana a gidan yari.