Agarar Zomo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara da damina ta yi gardama a ƙasar Maraɗi, Zomo ya ɗaure 'yan komatsansa ya yi arewa cin rani. Ya bi ta Agadas, ya wuce Arlit, ya ƙetare iyaka tsakanin Asamaka da In Gezam, sannan ya ƙara tafiyar kilomita wajen 400 kafin duwatsun Ahaggar su tare masa gaba. A Tamanrasset ya sauka unguwar Gatal Wad, gidan wata tsohuwar Taguwa mai sayar da nono da cuku, ya kuma samu aikin turin baro a kasuwar Asihar.

To, akwai wasu dabbobi a garin da ke haɗuwa kullum bayan sallar asuba, su yi gudu cikin busasshen korin da ya ratsa gari, su nufi wajen dutsen Iharen su dawo. Ba mai biyan su ko dinari ɗaya. Barewa tela ce, Kura mahauciya, Bushiya kuwa gasa nama take yi a bakin kasuwa. Abin da ya haɗa su shi ne tseren da suke shiryawa duk shekara in sanyi ya kama. Zomo ya shiga cikinsu. Da farko numfashi ya riƙa ƙwace masa, don garin ya ɗara mita 1,300 a saman teku, iskarsa ba ta cika ƙirji irin ta gida. Da jiki ya saba, sai aka ga yana barin kowa a baya.

Nan fa kansa ya kumbura. Wanda jiya kilomita biyar yake yi, yau ya ce sai goma sha biyar, kullum, cikin yashi, da silifa ɗan roba, ga turin baro daga hantsi har magariba. Ba a daɗe ba agararsa ta dama ta fara magana. In ya tashi da safe sai ya ji ta sandare, takun farko sai da ɗingishi, in jiki ya yi ɗumi ta lafa.

Gizo yana da tebur a ƙofar kasuwa, ƙwayoyi ja da kore a baje cikin rana. Da ya hango ɗingishin sai ya washe baki, ya ce da tsamin bakin nan nasa, "Kai, ɗan'uwa! Morceli na Maraɗi! Shi wancan da ya ciyo wa Aljeriya zinare a gudun mita 1,500 a Atlanta a 1996, ka taɓa jin an ce ya kwanta jinya? Ungo tramol, biyu da asuba, ka ba ni labari."

Zomo ya haɗiya. Ciwo ya ɓace ɓat, ya yi gudu har Barewa ta riƙe baki. Ita dai ƙwaya kunnen mai ciwo take toshewa, ba ta taɓa ciwon. Ana nan, wata safiya ya sauko daga shimfiɗa, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Bayan diddige ya kumbura, ko taɓawa ba ya so a yi.

Masu dubiya suka cika gida, kowa da maganinsa. Kura ta ce a yi masa sakiya. Hankaka, wanda bai taɓa gudun taku goma ba a rayuwarsa, ya gyara farar babbar rigarsa ya ce, "Tunda ba ka gudu, rage ci. In ka yi teɓa, kai da tsere sai a mafarki. Kuma kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai ta warke sarai." Wannan shawara ta yi wa Zomo daɗi, don dama aljihu ya bushe, baro yana jingine. Ya koma shayi da busasshen burodi, ya miƙe bisa tabarma.

Bayan wata guda Taguwa ta leƙo ɗakin, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, miƙo ƙafafun in gani."

Ya miƙa. Sha-raɓar dama ta tsotse, ta hagu ta kusa yin biyunta.

"Inna, hutawa nake yi."

"Wannan ba hutu ba ne, ƙarewa ce. Hau bayana."

Ta kai shi wurin Malam Dila, wanda ya yi shekaru yana duba 'yan ƙwallo da masu gudu. Dila ya sa shi ya kwanta rub da ciki bisa benci, ƙafafu na reto. Ya kama sha-raɓar ya matsa. Tafin ƙafar ya motsa, ya yi ƙasa da kansa. Ya sake matsawa, ya sake motsawa.

"Alhamdu lillahi, ba ta tsinke ba," in ji Dila. "Da na matsa ƙafar ta yi shiru, da yanzu muna hanyar asibiti, ba gardama. Taka gajiya ta yi, ka ɗora mata kayan da ba ta saba ba. Me kake ci?"

Zomo ya faɗa masa. Dila ya yi salati.

"Yaro, gini ya tsage, ka kori magina, ka hana a kawo ƙasa, kana zaune kana jiran ya liƙe da kansa? Jiki mai gyaran rauni abinci yake nema. In ka hana shi, naman jikinka zai ci, ga shi nan ka gani da idonka. Likitocin wasanni na 'yan Adam suna cewa mai jinyar rauni ya samu furotin, wato sinadarin gina jiki, giram 1.6 zuwa 2.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Mai kilo 60 ke nan yana neman wajen giram 100 ko fiye. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Gwangwanin sadin wajen 20. Kuma ba a tara shi a ci dare ɗaya, a raba shi sau uku ko huɗu."

"Malam, ni da ko kuɗin burodi sai na ranta, ina zan ga wannan?"

Dila ya yi shiru, don ya san nan gizo ke saƙar, ba a wajen ilimi ba. Taguwa ce ta warware. Ta ce nono da cuku nata ne, a rubuta bashi. Ta je ta samu Bushiya, aka ba Zomo kujera a gindin tukuba yana fifita wuta yana karɓar kuɗi, ladansa tsire biyu da abin sayen wake. Kada mai karatu ya tsaya mini da cewa zomo ba ya cin tsire. Na Tamanrasset yana ci, har da yaji. Da safe fura da nono da ƙwai, da rana wake ko adas, in an samu ƙuli-ƙuli a barbaɗa, da dare nama da gurasar tagella da ake gasawa cikin yashi. Dila ya ƙara masa da tumatir da lemo, saboda bitamin C, wanda jiki ba ya iya saƙa jijiya sai da shi. Dabino kuwa ya ce a ci don ƙarfi, amma kada a ɗauke shi abincin gina tsoka.

"Ka kuma sha ruwa," in ji shi. "Iskar garin nan tana busar da mutum bai sani ba. Tun 2011 ake turo mana ruwa daga In Salah, tafiyar kilomita fiye da 700 cikin bututu, kai miƙa hannu ne ya gagare ka?"

Sai kuma aikin ƙafa, wanda shi ne Zomo ya fi tsana. Dila ya tsayar da shi bisa dokin ƙofa, yatsu a sama, diddige a waje yana lilo. Ya ɗaga jiki da lafiyayyar ƙafa, sannan ya janye ta, ya sauko a hankali da mai ciwon ita kaɗai, har diddige ya wuce bakin dakalin. Sau 15, zubi uku, gwiwa a miƙe; a maimaita haka da gwiwa a ɗan tanƙwashe; safe da yamma. Ya ce wani likita ne a Suwidin, Alfredson, ya wallafa wannan hanya a 1998, bayan ya gwada ta a kan mutum 15 masu gudun sha'awa da ciwon agara ya hana su sakat, kuma bayan mako 12 dukansu suka koma gudu.

"Mako 12, Malam? Tsere saura mako bakwai!"

"Jijiya ba ta da yawan jini irin tsoka, ba ta sauri. Ba ta kuma san kalanda ba. Ɗan zafi lokacin motsawa ba laifi. Alƙalinka safiya ce: in ka tashi ka ji ta fi jiya tsanani, ka zarce, sai ka rage."

Haka aka yi ta yi. Yara suna taruwa suna dariya, wai Zomo yana rawa da ƙofa. Ya samu aron keke yana zagaya unguwa don kada numfashinsa ya mutu. A mako na shida ya ji garau, ya saci jiki da asuba ya bi su Barewa har gindin Iharen. Washegari ya fito yana dafa bango. Dila bai yi faɗa ba, ya dai mayar da shi baya mako biyu, ya ce in lokacin gudu ya zo za a fara da minti ɗaya gudu, minti biyu tafiya, a ƙasa mai tauri, da takalmin kirki, rana ɗaya a yi, rana ɗaya a huta.

Ranar tsere Zomo yana bakin hanya da jarka yana miƙa wa masu gudu ruwa, zuciya tana ci. Barewa ce a gaba. Ita ma ta daɗe tana jin agararta, ita ma tana zuwa teburin Gizo, har ta kai ga yin allura a wajen. Saura kaɗan ta kai, sai ta ji kamar an jefe ta da dutse a bayan ƙafa. Ta waiwaya, ba kowa. Dila ya kwantar da ita nan cikin yashi ya matsa sha-raɓar, ƙafa ba ta motsa ba. Taguwa ta ɗauke ta sai asibiti. Kura ce ta ci tseren, ta kuma cinye ragon da aka ba ta ita kaɗai.

Zomo ya koma turin baro, ya biya Taguwa bashin nononta kafin ya aika da komai gida. Da sanyi ya zagayo ya shiga tsere, ya zo na huɗu, ya taka da ƙafarsa har Gatal Wad. Barewa tana kan keken ɗinkinta, ta fara rawa da ƙofa ita ma. Gizo kuwa, da ya ji Kura na nemansa a kan wata ƙwaya da ya sayar wa ɗanta, ya naɗe tabarmarsa cikin dare, shi da matarsa Ƙoƙi. Direbobi sun ce sun gan shi a tashar In Gezam da sabon tebur, kuma ciniki yana tafiya.

Ƙurunƙus.