Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Masana Lissafi Ta Najeriya, Daga Bakin Ruwan Ngaski

Ƙungiyar Masana Lissafi ta Najeriya, wadda aka fi sani da MAN, ta kafu a 1961, kuma ita ce inuwar malaman lissafi tun daga firamare har jami'a. Tana da mujalla mai suna Abacus, tana taro kowace shekara, tana shirya wa ɗalibai gasa, littattafanta kuma sun shiga ajujuwa da dama. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wannan takarda ta zo mata ne da ƙorafi ɗaya daga Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi.

Ƙorafin a kan tankin nan ne. Da wuya a sami littafin lissafin sakandare da babu tankin da famfo ɗaya ke cikawa, wani famfon yana zubarwa, a ce wa yaro ya faɗi sa'ar da zai cika. Ɗalibin Wara a nan Ngaski ba ya gane dalilin da ya hana mai tankin rufe famfo na biyu. Abin mamaki, babban tankin ƙasar nan yana bayan gidansu. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, Kogin Kwara yake zuba ruwa ta arewa, injuna suna sakinsa ta kudu don samar da lantarki. Tafkin ma sau biyu yake karɓar baƙi a shekara: farin ruwa na damina mai ɗauke da laka, sai baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso cikin hunturu. Sarkawa da Gungawa sun san lokacin kowanne ba tare da alli ba. Da wannan aka ɗora tambayar a kai, da ajin bai yi gyangyaɗi ba.

Haka batun jiragen ƙasa biyu da ke tashi daga tashoshi biyu su haɗu a hanya. A nan kwale-kwale ake gani, kuma saurinsa in zai gangara daban yake da in zai hau ruwa zuwa Yelwa, wanda shi ne ainihin darasin da ake son koyarwa.

Sai kasuwa. Mai sayar da kifin warangi tana auna shi da mudu, ta cire kuɗin jirgi da na dako da la'adar dillali, ta fitar da ribarta kafin mai kalkuleta ya gama dannawa. Ɗanta kuwa yana iya faɗuwa lissafi a WAEC ko NECO, kuma in babu kiredit a lissafi, ƙofar fannoni da dama a jami'a sai dai a hange ta. Laifin ba na jini ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741, shekara 220 kafin a kafa ƙungiyar.

Buƙatar dai ba ta da yawa. Ana roƙon ƙungiya ta kawo taron shekararta Yawuri ko da sau ɗaya, ta zaunar da masu tsara tambayoyi a kasuwar kifi wuni guda, a ba su buhun albasa su ƙiyasta farashinsa, sannan a mayar da su masauki ta ruwa. Kuɗin jirgi ana biyansa ne kafin a shiga, kuma mai jirgi ba ya karɓar amsar da aka bari a matsayin x.

Wassalam.