Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ƙaramin Gidan Abincin Lungun Bankok

Gidan abincin da ake yi wa wannan takarda ɗaki ne guda a ƙasan bene, bakinsa a buɗe ga titi. Yana da 'yan tebura, kujerun roba, fanka mai juya kai, da kaskon ƙarfe wanda ba ya hucewa. Irinsa sun cika lungunan Bankok, babban birnin Tailan, har kewayen kasuwar Pratunam inda fataken Afirka ke sarin tufafi. Ana gaishe shi da aiki.

Ta fuskar farashi babu ƙorafi. Da baht 50 zuwa 70 mutum zai ci pad krapao, wato niƙaƙƙen nama da aka soya da wani ganye dangin ɗoɗɗoya, a kan farar shinkafa, da soyayyen ƙwai idan an ƙara ɗan wani abu. Naman sau da yawa na alade ne, don haka Musulmi kan nemi shago mai alamar halal, inda ake samun khao mok gai, dafa-dukar kaza mai kurkum. Ana ci da cokali, mai yatsun kuma aikinsa tura abinci kawai. Tsinkaye na taliya ne. Takardar bayan gida da ake ajiyewa a tebur don goge baki, an yafe.

Ƙorafin a kan barkono yake. Baƙo ya koyi faɗin phet nit noi, yana neman yaji kaɗan. Mai girki ta yi murmushi, ta gyaɗa kai, ta watsa ƙananan barkonon nan a turmi ba tare da ta ƙirga ba. A som tam, kwaɗon ɗanyar gwanda na mutanen yankin Isan na ƙasar, akan tambayi mai saye guda nawa yake so. Wanda ya ce biyu, biyun za a sa masa, sai dai turmin bai manta da goman da aka daka wa na gabansa ba. Bahaushen da ya tashi da yajin tsire yakan shiga da alfahari, ya fito yana sharce majina.

Ya kamata gidan ya tuna cewa barkonon ma baƙo ne. Daga nahiyar Amurka ya fito, fataken Fotugal suka kawo shi bayan sun fara zuwa Ayutthaya, babban birnin ƙasar na lokacin, a 1511. Baƙon da ya riga zuwa bai kamata ya riƙa dukan na baya ba.

A kowane tebur akwai 'yan kwalabe huɗu: sukari, ruwan kifi mai gishiri, ruwan tsami da yankakken barkono, sai dakakken busasshen barkono. Biyu daga cikin huɗun ƙarin wuta ne. Ruwan ƙanƙarar da ake kawowa ba ya kashe ta, domin sinadarin zafin ba ya narkewa a ruwa. Shinkafa da madara sun fi taimako.

Abin da ake roƙo shi ne a tanadi turmi na biyu domin baƙi, kuma a riƙa wanke shi.