Mota Ɗaya, Jagorori Barkatai: Fita Yawon Yini Daga Jidda

Jidda gari ne na masu wucewa. Tun da Halifa Usman bin Affan ya mayar da shi mashigar Makka ta teku a shekara ta 647, mutane ke sauka a nan da niyyar zuwa wani wuri, kuma halin bai bar mazauna garin ba. Da yammacin Alhamis, idan gumin Bahar Maliya ya ishi kowa, sai a ji a gidajen Hausawa, tsofaffin zuri'ar da ake kira Hausawi da baƙin da suka zo Umara suka ƙara kwana, ana tambaya: "Gobe ina muka nufa?" Daga nan kowa zai nuna halinsa.

Mai fara magana shi ne Alhaji mai lissafi. Yana da biro da bayan ambulan, kuma a wurinsa mota ba ta tsayawa shan mai, fasinja ba ya jin fitsari. Madina kilomita 420 ce, to me zai hana a yi azahar a can, a biya ta Badar a ziyarci shahidai, a leƙa Yanbu a ci kifi, a yi isha'i a gida? Ya raba nisan da gudun 120, lissafi ya fita. Idan aka tuna masa da jirgin ƙasan Haramaini, wanda tun 2018 yake kai mutum Madina cikin kimanin awa 2, sai ya ce jirgi ba ya tsayawa a Badar. Gaskiyarsa ce, kuma da ita yake kashe bakin kowa har zuwa lokacin da Hajiya za ta ce, "Alhaji, da yara fa za mu."

Ƙarshenta Ɗa'ifa ake zuwa. Kusan kullum ita ke cin zaɓe: kilomita 170 ce ko kusa da haka, tana kan tsauni mai tsayin mita 1,800 da ɗoriya, ga iska mai sanyi da ba ta kwandishan ba.

An yanke za a tashi bayan asuba, domin furen wardin Ɗa'ifa, wanda ke buɗewa a Maris da Afrilu, da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta sha ƙamshin. Kowa ya amince, har da Kawu. Kawu kuwa ɗan Jidda ne na gaske, ba ya kwanciya kafin 2 na dare. Ƙarfe 9 ana buga masa ƙofa, yana cewa, "Ga ni nan, takalmi nake nema." Tawagar da ke da irinsa ba ta taɓa ganin wardi a gona ba, sai a kwalba.

Direba, wanda yawanci babban ɗa ne ko ƙanen maigida, ya san hanya biyu. Akwai ta Hada, mai hawan dutse da kwanoni kamar ƙugiyar mahauci, wadda ake rufewa idan hazo ko ruwan sama ya yi yawa. Akwai ta Sail, mai tsawo da sauƙi. Hada yake zaɓa, don a ga gwaninta. Ya kuma haddace, in ji shi, wurin kowace kyamarar Sahir da ke kama masu gudu. Can sai wayarsa ta yi ƙara, saƙon tara ya shigo. Ba ya dubawa. "Talla ce," in ji shi, kuma babu mai ƙara jin muryarsa sai an kai sama.

Amma babu wanda ya kai Malam cika mota. Tun kafin a bar gari ya buɗe babin kasaru: a Muwaɗɗa Imamu Malik ya kawo cewa Abdullahi ɗan Abbas yakan yi kasaru a tafiya irin ta Makka zuwa Ɗa'ifa, ko Usfan, ko Jidda, wato baridi 4, kusan kilomita 80 a awon yau. Wani matashi a kujerar baya ya zaro waya ya ce shi ya ji wani shehi ya ce garuruwan sun faɗaɗa, nisan Jidda da Makka ya ragu. Ba Makka za a je ba, amma wannan bai hana a yi awa guda a kan mas'alar ba. A Ɗa'ifa Malam yana da amfani ƙwarai, don shi zai kai jama'a masallacin Ibnu Abbas, ya ba da labarin Addas da inabinsa har idon Hajiya ya kawo ruwa. Matsalarsa a dawowa take. Hanyar Sail ta ratsa ta miƙatin Ƙarnul Manazil, ta Hada kuma ta Wadi Muhrim, duk inda aka bi ba a tsira ba. Sai ya yi gyaran murya: "Jama'a, mu wuce miƙati haka hannu rabbana?" A nan ake gane cewa tun jiya ya ɓoye harami a but, har da na direba. Yawon shan iska ya zama Umara, a iso gida da aski sabo, ƙafa a kumbure, ana kiran assalatu.

Akwai mai tausayin dabbobi. Gwaggon biri sun cika gefen hanyar Hada, hukuma ta hana ba su abinci, amma shi sai ya sauke gilashi "kaɗan kawai" ya miƙa ayaba ɗaya. Biri ya bar ayabar ya ɗauke ledar.

Mai hoto ba ya son Ɗa'ifa, kowa ya je. Shi ramin Wahba yake so, wani wawakeken rami a hamada mai faɗin kusan kilomita 2 da zurfin mita 250, ƙasansa fari fat. Tafiyar kusan awa 4 ce zuwa kawai. Idan aka biye masa, za a tsaya minti 10 a bakin ramin, ya ce hasken bai yi kyau ba.

Mai ciki kuma tafiyar duk ta tsaya masa a tambaya ɗaya: ina za a ci? Yana son salik, shinkafar Hijaz da ake dafawa da romo da madara, yana son mandi, kuma duk da haka bai yarda a wuce reshen Al Baik ba a tsaya ba, kamar ba a Jidda aka fara sayar da kazar ba tun 1974.

Duk wannan hayaniya, mai mulkin motar ta yi shiru a kujerar tsakiya. Hajiya ce ta zo da filas, da darduma, da maganin jiri, da rigunan sanyin da kowa ya yi wa dariya a Jidda kuma kowa ya roƙa a kan dutsen Shafa na Ɗa'ifa. Ita ke sa a tsaya a kasuwar 'ya'yan itace, ta taya rumman da zuma da Larabcin da bai wuce kalma goma ba, mai kaya ya sallama. Ruwan wardi kuwa katan take saye, na tsarabar Kano da Damagaram, ba tare da ta tuna awon kaya a filin jirgi ba. Tun Yunin 2018 da aka bar mata su yi tuƙi, ta samu sabon makami: idan direba ya cika gardama, sai ta ce ya ba ƙanwarsa makulli.

Saura mutum ɗaya, wanda ba a jin ɗuriyarsa sai a gidan mai. Shi ya fi kowa cin mandi, shi ya nemi a ƙara shayi, shi ya zauna gaba saboda ciwon gwiwa. Da mai zuba fetur ya faɗi kuɗi, sai ya shiga lalube: aljihun dama, na hagu, na ƙirji. "Subhanallahi, walat ɗin yana cikin ɗaya jallabiyar. Alhaji, biya mana, in mun koma sai mu yi lissafi."