Bolarmu da Rijiyarmu

Mu dai mutanen Kano akwai tsafta, wannan ba mai musu. Da sassafe tsintsiya ta fara aiki, a share tsakar gida ƙal, a yayyafa ruwa a ƙofa, a turara ɗaki. Sai a ɗora wa almajiri bokitin shara a ce "kai bola", ba mai tambayarsa wace bolar. Ai mun sani: bayan gidan wani, ko kududdufin unguwa da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini. Maigida ya rubuta "Ba a zubar da shara a nan" da jan fenti, ya ƙara da "Allah ya isa", da daddare kuma yaran gidansa ne kan fara zubawa. In hadari ya haɗo ma ba sai an wahalar da kowa ba, a antaya a kwata.

To, ruwa ba ya tsami banza. Damina in ta kankama, ruwan sama ya ratsa bolar nan kamar ana jiƙa tsimi, ya kwaso abin da ke cikin ruɓaɓɓen tuwo da kunzugun yara da mushen kaza da fasasshen batirin mota mai dalma, ya tsiyayo baƙi wuluk, ya nutse ƙasa. Kududdufi kuwa rami ne, ya riga ya rage masa tafiya. Can ƙasa babu katanga. Jijiyar da rijiyar Alhaji ke sha, ita ta mai shayi ke sha.

Mu kuwa da ido muke awo. In guga ya fito garau, shi ke nan, in da dauɗa a jefa alim. Alim laka yake kwantarwa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, amma dalma da sinadarin naitiret suna nan daram, kuma naitiret ba launi ba wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 50 a lita, don jarirai ya fi kamawa, jininsu ya kasa ɗaukar iska har leɓe ya yi shuɗi. Wannan kam abin tausayi ne, jariri bai zubar da komai ba. Masana na son a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, mu kuwa maƙwabci ya jingina shaddarsa da rijiyarmu, mu jingina tamu da tasa, a gaisa a masallaci lafiya lau.

In kududdufi ya cika da shara sai a danne, a yanka filoti, a yi gini, a haƙa rijiya a tsakiyarsa, mu je walima mu sa albarka. Wasunmu su ce ai sun tsira, fiya wata suke sha. Miyar gidan fa? Da ruwan ɗan ga-ruwa aka kaɗa ta, da shi aka dama wa yaro koko, kuma duk cinikin da muke yi da shi bai wuce nawa ne jarka ba.